Kwamfutar Maraɗi da ta Sakkwato

Ɗiyata ce ta kawo mini ita daga Sakkwato, cikin wata jaka mai laushi. Da ta miƙo mini na ɗauka jakar kawai ta ba ni, don ban ji nauyin komai ba. Ta yi dariya, ta zuge zif, ta zaro wani abu siriri launin toka, kamar farantin shayi. Ta ce, "Baba, ga madadin taka da ta mutu." Na sa mata albarka yadda ya kamata, na juya abin a hannuna, na jira in ji daɗi. Na san ta matse kanta kafin ta saye ta, aikin jinya ba ya tara wa mutum komai. Amma da na leƙa cikin raina ban tarar da kowa ba, ba murna ba baƙin ciki, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Haka nake tun da muka baro garinmu muka tare a nan Isa, cikin ɗakunan haya a bayan kasuwa. In an kawo abinci in ci, in an gaishe ni in amsa.

Yanzu su biyu ne a gefen tabarmata, tsohuwar da sabuwar, wani lokaci in jera su in zauna ina kallo. Tsohuwar baƙa ce, mai kauri kamar bulo, in ka rataya ta daga tasha zuwa gida sai kafaɗarka ta gaya maka. Kusurwoyinta sun goge, murfin na ɗaure shi da waya a gefe ɗaya tun ranar da ya tsage, haruffan da na fi taɓawa sun shafe sai dai hannu ya tuna inda suke. Tana da wani ɗan aljihu a gefe, in ka danna sai ya yi ƙas ya fito kamar harshe, ka ɗora faifai ka tura shi ciki. Lokacin da take da rai, in ta tashi aiki kowa a gidan ya sani, don fankarta na huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya, iska mai zafi na fita ta gefen hagu da wani wari na roba. Kafin ta gama farkawa mutum na iya yin alwala ya dawo. Sabuwar kuwa da ka ɗaga murfi ta riga ta buɗe ido, kamar wadda ba ta taɓa barci ba. Ba huci, ba zafi, ba wari. Na juya ta ina neman inda ake sa faifai, ɗiyata ta ce ai an daina. Na ce to in mutum yana da faifai fa? Ta ce, "Wa ke da faifai yanzu, Baba?"

Garinmu ƙauye ne a bakin fadama, ba nisa da Gatawa. Ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai taɓa kwana can ba, sai dai da kunne. Tun kafin gari ya waye sarai za ka fara jin taɓarya ɗaya daga gidan maƙera, sai wata ta amsa daga bayan masallaci, can sai gari duka ya ɗauka, har ka iya gane dakan kowace mata ba tare da ka gan ta ba. Dakan Inna, mahaifiyata, yana da ɗan jinkiri tsakanin bugu da bugu, don takan tsaya ta tura hatsi da gefen hannu. Daga nan sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai kukan jakuna, sai muryar matan Fulani da ke shigowa da nono suna kira daga bakin zaure. Mu kuma aikinmu ba ya ƙarewa. Da damina mu yi tsaron tsuntsaye a gonar gero, muna kan rumfa muna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye har muryarmu ta dishe. Da rani mu yi ban ruwan albasa a fadama, ƙafafunmu su tsattsage da sanyi. Baba ba mai yawan magana ba ne. In ya ga na bar aiki ina kallon motar da ta taso daga arewa, sai ya ce, "Kai dai ƙahwarka ƙaiƙayi takai. Gama kunyar ga tukuna." Na yi firamare, na ɗan taɓa sakandare a nan Isa, na bari. Ƙafar kuwa ta ci gaba da ƙaiƙayi har ta kai ni fatauci.

Wake da albasa nake kai wa Maraɗi, in dawo da atamfa da sabulu da abin da ya samu. A can na fara ganin tsohuwar kwamfutar, a shagon wani mai sayar da tsofaffin rediyo kusa da tasha. Ya ce ta wani ce da ya yi aiki da Turawa masu haƙa rijiyoyi, sun tafi sun bar masa. Lokacin ina da ƙarfina, ban fara furfura ba, ina da mata da 'ya'ya ƙanana, kuma ina jin duniya duk tana jirana. Na yi ta zuwa ina kallon ta duk tafiya, har ranar da na bar masa ribar albasata na ɗauko ta. Faransanci take ji, haruffanta ma ba a jere suke yadda na gani a ofisoshinmu ba. Mai shagon ya zaunar da ni ya nuna mini inda ake kunnawa, inda ake sa faifai, yadda ake rubutu da yadda ake ajiye hoto. Sauran na koya da kuskure. A kan iyaka wani ma'aikaci ya buɗe jakar ya daɗe yana kallo, ya ce in kunna ya gani. Na kunna, muka tsaya ni da shi da direba muna jiran ta farka, fasinjoji na ta mita a cikin mota.

Da na iso gida ba wanda ya san sunan da zai kira ta. Wasu suka ce talabijin ce ta ninkewa, wasu suka ce akwatin Nasara. Baba ya kalle ta daga nesa ya ce, "Mi takai?" Na ce tana rubutu, tana nuna hoto, tana lissafi. Ya ce, "Tana noma?" Na ce a'a. Ya ce to in ɗauke ta daga kan buzunsa. Inna ce ta fara sabawa da ita, ba don hoto ba. Tana fama da sanyin ƙashi a yatsu, ta gano iskar nan mai zafi da ke fita ta gefe, sai ta riƙa zuwa ta zauna a haguna ta kara hannunta, ni ina rubuta wa mutane takardar neman aiki ko katin suna, ita tana gasa yatsunta tana ba ni labarin gari. Wuta kuwa babu a garinmu. Ranar kasuwar Sabon Birni nake goya ta a babur in kai wa mai caji, ya jona ta a injinsa tare da wayoyin mutane, in dawo da ita da yamma a cike, ina lallaɓa ta kamar ƙwaryar nono. Cajin ba ya daɗewa. Shi ya sa ba a kunna ta a banza. In za a kunna sai an yi shawara, sai an kira wanda ya kamata ya gani.

Akwai gwaggona, ƙanwar Baba, da ke aure a unguwar gabas. Ɗanta na fari taubashina ne, tare muka yi tsaron tsuntsaye, tare muka sha bulala. Shi tasa ƙafar ta fi tawa ƙaiƙayi. Ya yi faɗa da mahaifinsa a kan wata gona da aka hana shi, ya fita da asuba ya bi ta Agadas, aka ce ya shiga Libiya. Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har aka daina lissafi. Mahaifinsa ya kwanta ciwo ya rasu bai ji ɗuriyarsa ba. Wasu suka fara cewa a yi masa addu'ar mamaci a huta. Gwaggo ba ta taɓa cewa komai ba. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane, haka aka tarbiyyantar da su. In an yi zancensa sai ta tashi ta shiga madafa. Amma duk ranar da na dawo daga Maraɗi sai na same ta a zaurenmu, wai ta zo gaida yayanta. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi farashin sabulu, ta kalli jakata, sannan ta tafi.

Wata tafiya wani direban babbar mota da ke zuwa arewa ya tare ni a tasha, ya tambayi sunan garinmu, ya ce wani ya ba shi saƙo. Faifai ne cikin leda, an naɗe shi da tsumma, an rubuta sunan taubashina a kai. Ban kunna shi ni kaɗai ba, ko da yake raina ya so. Na kai kwamfutar caji, na dawo, na gaya wa Baba. Baba ya aika a kira ƙanwarsa. Kafin la'asar magana ta zaga gari. Da aka idar da salla aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu, na kifa turmi na ɗora kwamfutar a kai. Maza a gaba, mata a baya ta wajen danga. Gwaggo ta zauna can gefe, ta ba wa turmin rabin baya, ta ja mayafi, kamar wadda aka tilasta wa zuwa.

Aljihun ya yi ƙas, na tura faifan, fanka ta ɗau huci. Sai ga shi. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana sanye da wando da riga irin ta masu gini, a bayansa wani bango fari da ba a gama ba. Ya yi ta gyara tsayuwa yana tambayar mai ɗaukarsa ko an fara. Mutane suka kwashe da salati, wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi ta ja da baya. Sannan ya yi sallama, sai gari duka ya amsa masa da baki ɗaya, har ni da na san ba ya ji.

Ya fara gaisuwa, gida gida, kamar mai zagayen Salla. Ya gaida liman, liman ya ce, "Lahiya lau, lahiya lau." Ya gaida Baba, Baba ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ya gaishe ni da sunan tsokanar da yake kirana, aka yi dariya. Ya gaida mutanen da suka daɗe a ƙasa, don bai sani ba, duk wanda ya ambata cikinsu sai ka ji an ce Allah ya jiƙansa a hankali. Sai ya zo kan mahaifinsa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ina gaishe ka. Na san na ɓata maka rai. Don Allah ka yahe mani. Gonar ga ban son ta, ka ba wanda kaka so. Ni dai ka yahe mani."

Ba wanda ya motsa. Fankar kawai ake ji. Shi kuma yana tsaye cikin gilashi yana jira, kamar ya bar wa uban wurin amsawa. Sai muka ji murya daga gefe. Gwaggo ce. Ta juyo gaba ɗaya, mayafin ya zame, ta ce da ƙarfi, "Ya yahe maka. Tun kahin shi cika ya yahe maka, ni ag gaban shi." Sannan ta kira sunansa. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ba kuma wanda ya taɓa ji. Ta kira shi ta sake kira. Mata suka sunkuyar da kai don kunya da tausayi. Baba ya ɗaga ido sama yana kallon reshen tsamiya.

Shi kuwa ya ɗago ya ci gaba, ya gaida uwarsa, ya ce yana nan lafiya yana aikin gini, kada ta sa damuwa. Ya ce, "In Allah ya so za ni dawowa bayan..." sai gilashin ya yi baƙi. Caji ya ƙare. Aka yi ta cewa in taɓa nan in taɓa can. Na ce babu abin yi sai ranar kasuwa. Gwaggo ta tashi ta gyara mayafinta, ta koma yadda muka san ta. Da ta zo wucewa ta tsaya kaina ta ce, "Bayan mi yac ce?" Na ce ban ji ba, Gwaggo. Ta ce, "To ka kai ta ta ci abincinta." Washegari da sassafe na tarar da ƙwaryar gero a zaure, ta aiko wai kuɗin mai. Ban jira ranar kasuwa ba, na hau babur. Da muka sake kunnawa, bayan babbar Salla ya ce. Bai faɗi ta wace shekara ba.

Tun daga ranar nan mutanen garinmu suka daina yi wa kwamfutar kallon abin wasa. Ni ma ranar na daina jin kaina yaro mai yawon kasuwa. Na gane an ɗora mini wani abu. Na sayi ƙaramin inji, na sayi kyamara ta hannu, duk suna da aure da saukar karatu sai an kira ni. Tsofaffi da ke cewa hoto haramun ne suka fara zuwa da babbar riga, wai a ɗauke su a ajiye don jikoki. Baba ma ya zauna, ya ce in yi sauri kafin wani ya gani. Gwaggo kuwa kowace Juma'a bayan an sauko sai ta zo, in sa mata faifan, ta zauna ita kaɗai a ɗakin Inna. Har faifan ya fara tsalle saboda gogewa, tana nan tana amsa gaisuwar. Salla ta zo ta wuce sau da yawa. Ta rasu cikin wata damina mai yawan zazzaɓi. Bai fi shekara da rasuwarta ba sai ga taubashina ya sauka daga mota da akwati biyu, ya rame, gemun ya yi fari fari. Na ba shi labarin abin da ya faru ƙarƙashin tsamiya. Ya ce in maimaita masa daidai inda ta kira sunansa. Na maimaita. Ya tashi ya tafi fadama bai dawo ba sai magariba. Gonar nan da ya ce ba ya so, ita aka ba shi, ita ya riƙa nomawa.

A cikinta mutanen daji suka same shi, suka kashe shi. Ba na son in ja wannan zance, kowa a ƙasar nan yana da irin nasa. Mutanen daji sun fara da shanu, suka koma tare hanyar kasuwa, suka koma aiko da saƙo cewa ba mai shiga gona sai da izininsu. Muka yi ta lallaɓawa. Wata rana bayan azahar, gero ya fara fitar da kai, muka ji babura da yawa ta wajen fadama. Taubashina yana gonarsa, ita ce ta farko a hanyarsu. An ce ko gudu bai yi ba, fartanya na hannunsa. Mu muka fita ta bayan gari muka faɗa gulbi, ruwa har ƙirji. Baba da Inna Allah ya riga ya ɗauke su kafin wannan zamani, na gode masa da haka. Sai da muka haye na lura da abin da mai ɗakina ta aza a ka. Ta bar kwanukan aurenta, ta bar tukunya a kan murhu, ta naɗe kwamfutar cikin zane ta ɗauko. Na ce, "Ke, wannan kika ga ɗauka?" Ta ce, "Malam, mutane na ciki."

Ta yi tuntuɓe a tsakiyar gulbin, kayan ya nutse kafin ta cafo shi. Bayan mun samu wurin zama na kai wa mai gyara a Sabon Birni. Ya buɗe cikinta, ya busa, ya shanya, ya canza wani abu ya gwada. Ya ce sashen da ke riƙe ajiya ya mutu, ruwa da laka sun shige shi, ko an kai birni da wuya. Na tambaye shi hotunan fa. Ya girgiza kai. Na dawo na gaya wa mai ɗakina. Tana tankaɗe, ta ce, "To." Ni ma abin da na ce ke nan a raina. Na yi zaton zan yi kuka a hanya, ban yi ba. Fuskar Baba da babbar rigarsa, Inna da hannunta a gefen fanka, amaren da yanzu wasunsu zawarawa ne a sansanin gudun hijira ta wajen Maraɗi, duk sun tafi, ni kuma na tsaya a tasha na sayi rake na sha.

Sabuwar ta fi tsohuwar komai, ba zan yi mata ƙarya ba. Tana wuni ba ta nemi caji ba. Hotonta garau kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Tana jin Turanci, har Hausa tana ɗan taɓawa. Gilashinta ma yana jin yatsa, ka ja ya bi ka. Ɗiyata ta nuna mini yadda ake kiran mutum a gan shi ido da ido yana magana a lokacin, ba sai an naɗe faifai a tsumma an ba direba ba. Ta ce, "Wa za mu kira, Baba?" Na yi ta tunani. Liman yana Sakkwato wajen ɗansa, ba ya gane mutane. Maƙera an ce suna Nijar. Waɗanda muke tare da su a nan Isa kullum muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa, kowa ya kauda kai, don fuskar kowa tana tuna wa ɗan'uwansa abin da yake son mantawa. Na ce ta bari sai wani lokaci. A da abu ɗaya ne ba ya isa, caji, mutane kuwa har sun yi yawa. Yanzu ina kunna ta ni kaɗai, ba shawara, ba a kiran kowa, in kalli gilashin har ya gaji ya dushe da kansa.

Zuwan nan na ɗiyata ya zo daidai da lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mai ɗakina ta daɗe tana maganar komawa. Wasu sun koma, sun daidaita da mutanen daji suna noma, wasu cikinsu sun girbe, wasu ba a sake jin su ba. Na ce ba za mu ba. Ɗiyata kuma so take mu bi ta Sakkwato gaba ɗaya. Suka yi ta yi ita da uwarta a tsakar gida, ɗiyar na cewa, "Mama, mi kika bari can da ya hi ranki?" uwar na cewa, "Ke ba ki sani ba." Ni ina zaune ina jin su kamar rediyon maƙwabta.

Ana gobe za ta koma, da la'asar, ɗiyata ta ɗauko sabuwar kwamfutar ta zauna tsakaninmu. Ta ce akwai hoton ƙasa duka da aka ɗauka daga sama, bari ta gwada ko za ta samo garinmu. Sunansa ba ya ciki. Sai ta nemo Gatawa, ta kama gulbi ta riƙa bin sa da yatsa, ni ina ce mata yi nan, wuce wannan kwana, ga mashaya nan. Can sai ga shi. Na gane shi da makarantar firamare mai jan kwano da kuma hanyar da ta rabu biyu a bakin masallaci. Ta buɗa yatsunta hoton ya matso. Ga gidanmu. Ga zaure, ga ɗakuna, ga rumbuna sun yi kamar ƙwai a jere, ga inuwar danga. A tsakar gida akwai wasu abubuwa farare a miƙe.

Mai ɗakina ta ajiye faifan waken da take tsincewa ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ce, "Shanya ce. Wa ya yi wanki gidana?"

Ɗiyata ta ce, "Mama, hoton tsoho na. Tun kuna can anka ɗauke shi. Wankinki na."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To nuna mani na yau."

"Babu na yau, Mama. Wanga kaɗai ag akwai."

Ta ce a ƙara matso da shi. Ɗiyata ta ƙara, sai komai ya watse ya zama dabbare dabbare, ba gida ba shanya. Ta mayar da shi baya kaɗan, gidan ya dawo. Na nemi abin da zan ji, na ga dai rufin ɗakina ne, akwai inda ya kamata a ce na sake yaɓe kafin ruwa.

Can mai ɗakina ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, daga nan ana ganin ƙohwa?"

Na ce daga sama ba a ganin ƙofa, sai rufi.

Ta ce, "Ban ja ƙohwar ɗakina ba ranar. Kullum abin na raina. Awaki za su shiga su ɓata mani gado."

Na ce, "Babu awaki, ai sun kore su duka."

Ta ce, "Haka ne." Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake.